Kafin ka sayi amfilifayar hom tiyata, juya bayanta ka karanta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita barka da aiki, ya ƙoƙari, Allah ya ƙara wa wannan jarida tamu albarka. Dan Allah ɗan fili nake roƙo in yi magana da 'yan uwana masu shirin sayen kayan sauti na falo, musamman angwaye da matasan da Allah ya buɗa musu suka yi gini suna son ƙawata falo. Ni sana'ata gyaran rediyo da amfilifaya ce, da ita na tashi da ita nake ci da iyali, kuma abin da nake gani ana kawowa shago ne yasa nace bari dai in rubuto, don wallahi kuɗin da mutane ke ƙonawa a wannan harka ba kaɗan bane, kuma mafi yawan asarar nan da mutum ya san abu biyu uku kafin ya shiga kasuwa da bai yi ta ba.

Na'urar da nake nufi ita ce wacce ake kira AV risiba, ba risibar dish ba, wannan babbar amfilifaya ce da komai ke shiga cikinta, dikodar DStv ko StarTimes, PlayStation ɗin yara, ɗan akwatin da ake kallon Netflix da YouTube, ita kuma ta miƙa hoto zuwa talabijin ta rarraba sauti zuwa sifiku biyar ko bakwai da wufa, wato babbar sifikar da ke fitar da bes. Denon, Yamaha, Marantz, Onkyo, Pioneer da Sony su ne sunayen da za ka fi cin karo da su, sababbi a kwali ko na gwanjo da ake saukewa a Alaba ta Legas a rarraba su zuwa Arewa. Duk kamfanoni ne da suka san aikinsu, ban zo tallar kowa ba. Abin da na zo faɗa shine mutanenmu gaban na'urar suke kallo da rubutun kwali, alhali gaskiyarta duk a bayanta take.

Farkon abin da za ka nema a bayan shine ɗan rubutun da ke kusa da inda wayar wuta ke shiga. Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce a kan 50Hz, haka Ingila. Amurka kuwa 120 ce a kan 60Hz, Japan ma 100 ce. To mutane sun saba da cajar waya da ta laftof waɗanda aka rubuta musu 100 zuwa 240, duk inda ka soka su sai su yi aiki, sai su ɗauka komai haka yake. Amfilifaya ba haka take ba. Yawancinsu babban taransifoma ne a ciki, wanda aka naɗa shi don wutar ƙasa ɗaya kawai, shi yasa ma idan ka ɗaga ta za ka ji nauyi ya rinjaya gefe guda. Wacce aka yi wa kasuwar Amurka 120 kawai ta sani. Ka soka ta a soket ɗinmu kai tsaye, ko daƙiƙa biyu ba za ta yi ba. An kawo min wata da wani bawan Allah ɗan uwansa ya aiko masa da ita daga Amurka, sabuwa dal ko ledar gaban gilashinta ba a ɓare ba, ina kwance murfin warin ƙonewa ya bugi hancina, fiyus ya yi baƙi ƙirin, ƙaramin taransifoman da ke riƙe ta a lokacin da take kashe ya narke ya zubo da wani abu kamar kwalta a kan allon, kafasita biyu sun kumbura kawunansu sun tsage. Mutumin yana tsaye yana ce min Malam ai ko ƙara ɗaya ban ji ta yi ba. Abin ya ba ni tausayi sosai, don kuɗin jirgin da aka biya mata kaɗai ya isa ya yi wata hidimar. Idan mutum ya yi sa'a fiyus ne kawai ke tafiya, amma ba kullum ake sa'ar ba.

Saboda haka in ka ga an rubuta 120V, ko dai ka haƙura ka nemi mai 220 zuwa 240, ko ka sayi sitef dawun, wato na'urar da ke rage wutarmu zuwa daidai da tata, tare da ita a rana ɗaya, kuma mai ƙarfin da ya zarce abin da aka rubuta tana ja, in an ce tana jan wat 500 ka nemi na 1000, kar ka yarda da ƙananan nan na aski. Ka kuma ɗaure filoginta a jikin sitef dawun ɗin da salatif yadda yaro ko mai shara ba zai zare ya mayar a bango ba, don yawanci ba ranar farko ake ƙona su ba, sai bayan wata biyu uku da aka zo gyaran falo. Akwai wasu na Yamaha da ke da ɗan makunnin zaɓen wuta a baya, in ka samu irinsu ka tabbata yana kan 220 zuwa 240 kafin a kunna.

Sai maganar wat, kuma nan ne zuciyata ta fi ɓaci. Ka shiga kasuwa za ka ga kwalin hom tiyata an rubuta 5000W ko ma 10000W da manyan haruffa ja, a gefe kuma an saka PMPO ƙanana. Wannan PMPO ɗin, wato ƙarfin da ake cewa na'urar na kaiwa na ɗan ƙiftawar ido, ba shi da wani ma'auni da aka yarda da shi, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Hanyar gane gaskiya mai sauƙi ce, juya bayan na'urar ka ga nawa take ja daga bango. Abin da ke jan wat 60 daga soket ta yaya zai riƙa ba ka 5000 a sifika? Daga ina sauran za su fito? Mai shago zai ce maka oga wannan tafi ƙarfi kaga lambar, kai kuma ka ga lamba ta fi lamba ka biya.

Su ma manyan kamfanonin suna da tasu dabarar, sai dai tasu a rubuce take in ka iya karantawa. Na'ura ɗaya za a iya rubuta mata wat 150 a talla, a cikin littafinta kuma ka tarar 80 ce ko 90. Duka biyun an gwada, amma na farkon sifika ɗaya tak aka kunna, a kan om 6 (om shi ne ma'aunin turjiyar da sifika ke yi wa wuta), da sauti guda na 1kHz, aka kuma ƙyale sautin ya gurɓata har kashi 10 cikin ɗari. Lambar da za ka riƙe ita ce wacce aka ce an kunna sifiku biyu tare, a kan om 8, daga 20Hz zuwa 20kHz, gurɓacewar kuma ba ta kai kashi ɗaya ba, za ka ga an sa 0.08% ko makamancin haka. Da wannan ake gwada wata da wata. Ba yau aka fara wannan rigima ba, tun 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka wato FTC ta kafa doka kan yadda za a riƙa faɗin ƙarfin amfilifaya a talla, saboda ƙaryar ta yi yawa a can ma.

Kuma abin da mutane ba su sani ba, bambancin wat 80 da wat 100 kunnenka da ƙyar zai ji shi. Ko ka ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu desibel 3 (dB, ma'aunin ƙara) kawai ka ƙara, ɗan ƙari ne kaɗan, kafin kunne ya ce ƙara ta ninka sai an ninka ƙarfin wajen sau goma. To don me za ka ƙara dubban ɗaruruwan naira saboda wat 20? Falo irin namu na talaka da matsakaici wat 70 zuwa 90 na gaskiya ya ishe shi har maƙwabta su aiko a rage. Wannan kuɗin sifika ya kamata ya tafi, domin ita ke fitar da abin da kake ji. Sifikar da aka rubuta mata 90dB rabin ƙarfin da mai 87dB ke buƙata take nema ta ba ka ƙara iri ɗaya.

Tunda na zo kan sifika bari in faɗi wani abu da ake yawan yi. Mutum yana da tsohuwar hom tiyata irin mai DVD a jiki, kan ya lalace, sai ya ce ai sifikun lafiyarsu ƙalau bari in sayi risiba in haɗa. Duba bayan sifikun tukuna. Da yawansu om 3 ne ko 4, an yi su ne don wancan kan kaɗai, ita kuma risiba yawanci 6 zuwa 8 take so. Ka haɗa mata mai om 3 ka ɗaga murya, za ta yi zafi ta kashe kanta, ka kunna ta sake kashewa, in ka matsa mata wata rana taransistocin fitar da sauti su tafi. Wufar ma haka, ta waɗancan ba ta da amfilifaya a cikinta, ita kuma risiba ramin wufarta sigina kawai yake fitarwa ba ƙarfi, dole sai wufa mai nata filogin wuta. Wannan kuɗi ne da ya kamata ka sa a lissafi tun daga gida, kar ka kashe komai a kan risiba ka dawo kana kallonta ba abin haɗawa. Risiba mai tsada a kan sifikun banza kamar sirdin sarki ne a bayan jaki.

Ramukan HDMI kuwa su ne ke nuna shekarun na'ura, kuma su ne ke sa ta tsufa tun ba ta lalace ba. A 2009 aka fito da HDMI 1.4 wanda ya zo da ARC, wato sautin talabijin ya dawo cikin risiba ta waya ɗaya, wannan yana da muhimmanci yanzu da kowa ke kallon YouTube da Netflix daga cikin talabijin ɗin kanta. A 2013 aka yi 2.0 mai ɗaukar 4K sosai, a 2017 kuma 2.1 da ya zo da eARC, wato ingantaccen ARC, da 8K da 4K mai gudun hoto 120 a daƙiƙa. In talabijin ɗinka 4K ce ka nemi inda aka rubuta HDCP 2.2 ko 2.3, wato tsarin hana kwafin fim, a jikin ramukan, in babu to fim ɗin 4K ba zai wuce ta cikinta yadda ya kamata ba, ko allo ya yi baƙi ko hoton ya sauko. Amma 8K dai a ganina kar kowa ya biya ko kwabo saboda shi, me za ka kalla da shi, da wace data? Wanda ke buƙatar 2.1 da gaske shine mai PlayStation 5 ko Xbox Series X da talabijin mai 120, shi ma ya sani cewa risibobin farko masu 2.1 da suka fito a 2020 na Denon da Marantz da Yamaha an samu matsala wajen wuce da 4K 120 daga Xbox, har kamfanonin suka fito da gyara daga baya, don haka in ta wannan shekarar ce a tambaya ko an yi mata gyaran.

Wanda kuɗinsa bai kai ba kar ya raina tsohuwa. Risibar da ba ta da 4K amfilifayarta lafiya lau take, sai ka soka dikoda da gem a talabijin kai tsaye, ka jawo sauti zuwa risiba da ARC ko wayar optika, wannan siririyar mai jan haske a baki. Optika tana ɗaukar tsarin sautin Dolby Digital 5.1, wato sifiku biyar da wufa ɗaya, da na DTS, amma Atmos mai kawo sauti har ta sama da manyan sautukan Blu-ray ba ta ɗauka, kuma yawancinmu ba ma kallonsu.

Wannan ya kawo ni ga tambayar da nake fara yi wa duk wanda ya zo neman shawara, me kake kallo a gidanka? In amsar ita ce Arewa24, finafinan Kannywood a YouTube, ƙwallon Turai, wa'azi da karatun Alƙur'ani da labarai, to kusan duk wannan sautin hanya biyu ne, hagu da dama. Ka sayi mai hanya tara ko goma sha ɗaya ba abin da zai fito daga sauran sai abin da na'urar ta ƙirƙira da kanta. Dolby Atmos da ake ta yayi ya fara ne a gidajen sinima a 2012 ya shigo kayan gida a 2014, abu ne mai daɗi ba ƙarya, ka ji ruwan sama kamar a kanka yake zuba, amma yana son sifiku a sama, yana son fim ɗin da aka yi da shi, a Netflix ma sai mai babban tsari. Irin sifikun da ke harba sauti sama ya dawo kuma silin mai shafe suke so, namu na POP mai hawa hawa da fitilu da fanka a tsakiya watsa sautin yake yi. Ni dai shawarata ga yawancin gidaje 5.1 mai kyau, ko ma a fara da sifiku biyu na gaba da ta tsakiya da wufa, na baya su biyo in hali ya yi. Ta tsakiyar nan kar a yi mata rowa, kusan duk maganar 'yan fim daga ita take fitowa, duk mai kukan cewa kiɗa na danne magana sai ka tarar tasa ƙarama ce ko an cusa ta cikin durowa.

Akwai kuma ɗan makirfon da ke zuwa cikin kwali, wanda na sha ganin an bar wa yara suna wasa da shi. Da shi na'urar take daidaita sautinta da ɗakinka. Denon da Marantz nasu tsarin Audyssey ne, Yamaha YPAO, Pioneer MCACC, Onkyo AccuEQ, wasu manyan kuma Dirac. Yadda ake yi, ka ajiye makirfon daidai inda kanka yake in ka zauna a kujera, ba a ƙasa ba ba a hannu ba, ka kashe fanka da AC, ka rufe ƙofa, a fitar da yara, in janareta na kusa da taga a jira NEPA ko a yi da inbata. Sai ka ji kowace sifika tana wani fiu fiu ɗaya bayan ɗaya, na'urar tana auna nisan kowacce da ƙarfinta da yadda ɗakin ke mayar da sauti. Minti goma zuwa sha biyar an gama, amma bambancin ko wanda bai damu da sauti ba sai ya ji. Bayan nan ka shiga saiti ka mayar da sifikun kan Small, wato ƙanana, ka sa mararrabar wufa a 80Hz, nauyin bes ya koma kan wufa risiba ta huta. In za ka sayi ta gwanjo ka tambayi makirfonta da rimot, in babu a rage maka kuɗi, don na wani kamfani ba ya yi wa wani daidai. Falonmu kuma na tayil da bangon siminti amsa kuwwa yake yi sosai, kafet a tsakiya da labule mai kauri suna gyara sauti fiye da wayoyin tsada da za a tallata maka. Wayar sifika jan ƙarfe mai ɗan kauri ta wadatar.

Zafi da ƙura su ne masu kashe su a hankali. A watan Afrilu da Mayu nan Kano zafi na haura 40, ita kuma na'urar da kanta zafi take fitarwa ta ramukan samanta, sai ka je gida ka tarar an saka ta cikin kabat mai gilashi an ɗora dikoda a kanta an kuma shimfiɗa mata ɗan kyalle na ado. Dan Allah uwargida a bar mata samanta a buɗe, a ba ta sarari kamar taƙi guda. Bayan hunturu a kai a hure mata ƙura, don za ka buɗe ka ga ƙura ta yi kamar bargo a kan ƙarfen da ke sanyaya ta. Sitabilaiza dole ne a garin da wuta ke hawa da sauka. Mai inbata ya tabbata tasa mai tsaftatacciyar wuta ce, masu arahar nan suna sa taransifoma gurnani da zafi. Ƙaramin janareta ma in za a yi amfani da shi a bari ya daidaita kafin a kunna ta, a kuma kashe ta kafin mai ya ƙare, wannan shaƙewar da yake yi a ƙarshe ba ta da kyau. Da damina in hadari ya haɗu ana tsawa a zare filogi a zare wayar HDMI da ta fito daga dikoda, domin ta wayar dish tsawa ke bi ta ƙona allon HDMI, kuma shi wannan allon gyaransa ya fi komai wuya, sau da yawa sai dai a nemo wata matacciya irinta a ciro.

Mai sayen ta gwanjo kar ya ji kunyar zama a shagon. A kunna ta ta yi aƙalla rabin awa, don wasu sai sun yi zafi suke ɗauke sauti. A gwada kowane ramin HDMI ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki sifika ɗaya a zagaya da ita duk hanyoyin, a duba sukurorin murfi ko an taɓa kwancewa, a shinshina ramukan sama. Sanannen abu ne cewa wasu risibobin Onkyo da aka ƙera tsakanin 2009 da 2012 sun yi fama da ɗaukewar sauti daga allon HDMI, kamfanin da kansa ya sanar da shirin gyara su a 2014, kuma irin waɗannan shekarun ne suka fi yawa a kayan gwanjo, to a gwada da kyau. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar da kwanakin gwaji a rubuce, maganar baki ba ta dawo da kuɗi.

Masu gidan kallon ƙwallo da kwamitocin masallaci kuma wannan na'ura ba taku bace. An yi ta ne don falo, ba za ta jure ihu daga azahar zuwa dare da dogayen wayoyi da lasifikar hon ba. Ku nemi amfilifayar taro irin su Ahuja, ta fi araha ta fi juriya kuma kowane mai gyara ya san cikinta.

A ƙarshe Malam Edita ina kira ga hukumar SON mai kula da ingancin kaya da FCCPC mai kare haƙƙin masu saye su dubi wannan rubutun PMPO da ke jikin kwalaye, a tilasta wa masu shigo da kaya su rubuta ƙarfin gaskiya, a kuma sa masu sayar da kayan 120V su manna gargaɗi babba a jikin filogi. Ku ma dan Allah ku ware mana ɗan shafi ko sau ɗaya a wata kan kayan lantarki na gida, inbata, sola, firji, talabijin, a riƙa gayyato masu gyara suna amsa tambayoyin jama'a da Hausa, don littattafan da ke zuwa cikin kwalin nan duk da Turanci suke kuma ba mai fassara wa mutane. In kun buɗe ni mai zuwa ne in ba da tawa gudummawar kyauta.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Mai gyaran kayan sauti, daga Kano